Ƙuri'ata ta Bana

Zuwa ga Sumie, sanyin idona, furen lemon da ke buɗewa bayan ruwan safe, iskar teku mai shigowa ɗaki ba ta ƙwanƙwasa ba, abokiyar gardamata wadda ban taɓa kayarwa ba,

Na san kin riga kin ɗaga gira. Tun ranar da aka haifi ɗanmu nake kiranki Mama kamar yadda shi yake kiranki, har na kusa manta yadda sunanki yake zama a baki. To yau na ɗauko shi na karkaɗe. Sumie! Ashe haka yake da daɗin faɗa? Na faɗe shi a ɗakin girki, na faɗe shi a bakin ƙofa, har matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan shinge tana tambaya ko kin dawo ne. Na ce mata tukuna. Idan kuma yayarki Harue ce take karanta miki wannan takarda, to Yaya, ki yi haƙuri da abin da kunnenki zai ji, ki karanta duka, kar ki tsallake inda ya ba ki kunya.

Damina ta sauka a nan. Ruwa ake yi siriri-siriri tun safe har yamma, irin wanda mutum zai raina sai ya ga rigarsa ta manne masa. Gonakin shinkafa na bayan tashar jirgin ƙasa sun cika sun zama madubi, kwaɗi sun buɗe kasuwarsu, shuɗɗan furannin da kika dasa a gindin katanga sun yi nauyi har sun sunkuya. Kin kuma san abin da wannan ruwan yake zuwa da shi kowace shekara. An fito da akwatunan zaɓe a ƙofofin filin besbol, wasan nan da ɗaya ke jifa da ƙwallo ɗaya na bugunta da sanda, an jera takardu da guntayen fensir, kowane ɗan kallo ya zaɓi 'yan wasan da yake ganin sun cancanci shiga wasan taurari. Na ɗauki takarda biyu kamar kullum. Sai da na hau matakala na zauna sannan na tuna ni kaɗai ne.

Kin tuna ranar farko, hasken raina? Irin wannan ruwan ne ya tsayar da wasa a tsakiya. Ma'aikata suka ja babbar tamfol suka rufe fili, jama'a suka cure a ƙarƙashin rumfa, ni kuwa ina zaune da takardata a gwiwa ina cikawa a tsanake kamar mai rubuta jarrabawa. Sai na ji ƙamshin ɓawon lemo da jiƙaƙƙen gashi a bayan kafaɗata. Wata yarinya da jarida a ka maimakon lema ta leƙo ta karanta abin da na zaɓa, ba gaisuwa ba komai, ta ce, "Kai mai tabarau, zuciya ce ba ka da ita, ko a gida ka baro ta?" Laifina kawai na tsallake wani tsohon mai jifa da garin nan ya yi shekaru yana rera wa waƙa, na zaɓi wani yaro da ba wanda ya san sunansa. Na gyara tabarau na yi miki bayani mai tsawo, cewa wasan taurari na waɗanda suka yi aiki a bana ne, ba na waɗanda suka yi suna a da ba. Kika saurara har ƙarshe. Kika ciro dunƙulen shinkafa daga jaka kika raba biyu, kika riƙe ɓarin da ɗan itacen nan mai tsami yake ciki, kika miƙo mini farar shinkafa zalla, wai ai ban yi wani aiki a bana ba da zan ci tsakiya. Ruwa ya ɗauke, aka ci gaba da wasa, kuma har yau ban san wa ya ci ba.

Shekara arba'in ke nan muna wannan gardama, a kujerun nan biyu na can sama inda tsuntsaye suke wucewa daidai da fuskar mutum. 'Yan wasa suka zo suka tafi, jikokin wasu ma sun fara riƙe sanda, mu muna nan inda muke. A shekarun baya-bayan nan Minegishi ne naki, mai bugun nan da furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hularsa. Ke kina cewa mutumin da ya taɓa sa gari guda kuka don murna ba a juya masa baya don gwiwarsa ta gaji. Ni ina cewa to yaron da ya ɗauki ƙungiya a kafaɗa tun farkon kakar wasa fa, shi ya jira sai ya yi furfura? Genzo mai kifi da ke zaune a bayanmu yakan dafa ni ya ce, "Don girman iyayenku ku bari mu ga wasa, mu ba kallon aurenku muka zo ba." Sai ki juya ki ba shi shayin sha'ir, ki ce masa ya sha ya yi shiru, manya na magana. Wayyo, me ya kai wannan faɗa daɗi a duniya?

Sai hunturun da ya wuce ya zo mana da abin da ya zo da shi. Kika faɗi a ɗakin girki, ɓarin jikinki na dama ya shanye, harshen nan da ya fi kowane harshe sauri a unguwarmu ya yi nauyi. Da aka sallame ki daga asibiti kika ce za ki je tsibiri wajen Yaya ki sha iskar teku, za ki dawo idan itatuwa sun yi fure. Itatuwa suka yi fure, furen ya zube, aka share shi daga hanya. Na hau jirgin ruwa na zo ɗaukarki da sabuwar riga a jikina kamar ango. Kina zaune a kujerarki mai taya kina kallon teku, ba ki dube ni ba, kika jero kalmomin ɗaya bayan ɗaya da ƙyar: "Baba, kai ka ce ba a zaɓen mutum don abin da ya yi bara. Matar da ka aura ta yi wasanta ta gama. Ka koma gida." Da Yaya ta rako ni bakin ƙofa ta gaya mini kin ce in aiko da sauran kayanki, kuma kar in ƙara wahalar da kaina da zuwa.

Haba Sumie! Shekara arba'in kina neman kayar da ni da hujjarki kin kasa, sai da kika ɗauki tawa kika buge ni da ita? Na koma cikin jirgi na tsaya a baya ina kallon tsibirin yana ƙanƙancewa, zuciyata ta yi nauyi har na ji tsoron za mu nutse. Ban aiko da kayanki ba, kuma ba zan aiko ba. Rigunanki suna nan a rataye, idan na buɗe taga sai su riƙa motsi kamar kina ciki.

Na san abin da kike jira. Kina jira in rubuto in ce na tuba, ke ce da gaskiya, na zaɓi Minegishi a bana don tsofaffi ma suna da wuri. To ban zaɓe shi ba. Ina son mutumin nan, ina rera waƙarsa har muryata ta dushe, amma a bana iska yake bugu, gudunsa kuma kamar mai tsallaka kogi da kaya. Ƙuri'ata Urabe na ba, yaron nan mai tsugunawa a bayan mai bugu yana cafe ƙwallo. Jarida ba ta buga hotonsa, ba ya buga ƙwallo ta haye katanga, yara ba sa sayen riga mai lambarsa. Amma ni shi nake kallo. Idan ƙwallo ta bugi ƙasa ta kauce, da ƙirjinsa yake tare ta. Yatsansa a naɗe yake tun watan jiya bai ce wa kowa ba. Idan mai jifa ya rikice, sai yaron ya taka a hankali ya je ya raɗa masa kalma ɗaya, ya dawo ya sake tsugunawa. Wannan shi nake nufi da aikin bana tun ranar da kika same ni a ƙarƙashin rumfa, ko da ban iya faɗarsa da kyau ba.

Kuma na san ki, zumar zuciyata. Da zan ce ki dawo saboda miyar da kika dafa mini shekara da shekaru, da ɗan da kika raina, da mahaifiyata da kika yi jinya har ta cika, da kin gane godiya ce da tausayi, da kin sa Yaya ta jefa takardar nan a teku. Saboda haka a bar bara, a bar shekaru arba'in. Mu tsaya a kan dokata, a duba bana kaɗai.

Makon jiya na zo tsibiri, duk da kin hana ni. Yaya, ki gafarce ni, na taka miki gona. Na bi ta cikin itatuwan lemo na tsaya a bayan wani babba, ganye na ɗigo mini ruwa a wuya. Hazo ya kwanta a kan teku, ƙananan tsibirai suna yawo a cikinsa kamar ba su da gindi, ni kuma ban san ko a farke nake ba. Sai na gan ki a baranda, kwano biyu a gabanki, ɗaya da wake ɗaya fanko, tsinkayen cin abinci a hannunki na hagu. Kika kama ƙwayar wake ta suɓuce ta gangara ƙasa. Kika kama wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai na ji kin ce mata, "Maras kunya, wa ya aike ki can?" da muryar nan da kike yi wa alƙalin wasa, ta yi nauyi amma ita ce. Na cusa hannun riga a baki don kar dariya ta tona ni, ga hawaye na bin kumatuna. Can sai wata ƙwaya ta haye lafiya ta faɗa kwano. Ba ki yi murmushi ba, ba ki waiga neman mai yabo ba, kika kama ta gaba. Da kika gaji kika dafa ginshiƙi kika miƙe, kika ja ƙafar nan kina bin bango har bakin ƙofar gida, kika jingina goshi a jikinta kika huta, sannan kika juyo.

Babu ganga, babu waƙa, babu mai tafi sai tsoho ɗaya a ɓoye a bayan itace. Sumie, tun ina yaro nake kallon 'yan wasa, na ga masu ƙarfi na ga masu zuciya, ban taɓa ganin wanda ya yi kakar wasa irin taki ba. Wa ya yi aikin da ya kai naki a bana, a duk tsibiran ƙasar nan? A kawo mini shi in gani! Waccan yarinyar mai jarida a ka kyakkyawa ce, ban musa ba, amma komai a sauƙaƙe yake zo mata, hannu biyu gare ta da baki kamar reza. Wannan ta barandar ita ce ta tafi da hankalina. Ita nake nema, ita nake so in zauna kusa da ita, ita na zaɓa, kuma kin fi kowa sanin ba na ba da ƙuri'ata don kunya. Ban fito ba ne a ranar don na san da kin gan ni za ki ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi.

Za ki ce to ina ke ina hawa matakalar nan har sama? Na riga ki. Na mayar da kujerunmu. Genzo ya ce na haukace, ya juya baya yana share ido da tawul ɗin kifinsa. Na je ofishin filin na nemi wuri a can ƙasa inda ake shiga da kujera mai taya. Da yake kakar wasa ta yi nisa, wurare masu kyau duk an kama, saura guda biyu da wani ƙaton ginshiƙin siminti ya tsaya a gabansu. Ma'aikaciyar ta yi ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri, wai ba wanda yake karɓarsu. Na ce ta nuna mini. Na zauna a nawa, sai na ga hagun fili tas, dama kuwa babu. Na matsa na tsaya a naki, sai ga dama a buɗe har katanga, hagu ya ɓace. Na ce mata na karɓa.

Ranar Lahadi na kalli wasan farko a can. Ana kusa da tashi muna baya da maki ɗaya, 'yan wasanmu biyu suna kan hanyar cin maki, aka ɗaga ƙwallo sama ta nufi dama. Na bi ta da ido har ta shige bayan ginshiƙi. Sai filin gaba ɗaya ya miƙe da ihu, irin ihun da ba ka sanin na murna ne ko na kuka, ni kuma ban san ko an cafe ta ko ta haye ba. Na juya da sauri na ce, Mama, me ya faru? Wurinki na nan a share, ruwa ya ɗan taru a kan simintin.

Rabin wasa nake gani yanzu, Sumie, da hannuna na zaɓi haka, kuma ba zan koma sama ba. Ranar Asabar zan hau jirgin safe, wannan karon ta ƙofa zan shigo. Ki taimaki tsohon nan ki zo ki riƙa gaya masa abin da ke faruwa a dama. Kar ki damu da nauyin harshe. Ko kalmar za ta ɗauke ki har a tashi wasa, har jama'a su watse, har masu shara su iso layinmu, ina nan zaune ina kallon bakinki sai ta fito.

Naki a bana, naki baɗi, naki muddin akwai numfashi a ƙirjina,

Noboru