Adireshin da Baba Ya Bari

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara kacal suka rage mini.

Aikina gyaran shafukan intanet ne. In adireshin shafi ya ƙi buɗewa, ni ake kawo wa, in yanka shi gunduwa-gunduwa: ga sunan gidan da ke riƙe da shafin, ga hanyar zuwa inda aka ajiye abin, ga jelar da ke bayan alamar tambaya. Ina son aikin nan. Nakan shagala a gaban kwamfuta, fanka na juyawa a samana, in ji kamar lungu nake bi ina ƙwanƙwasa ƙofofi.

Saura kwana uku Babanmu ya rasu, ya turo wa Umma wani dogon adireshi daga gadon asibiti. Ya ƙi buɗewa, ta ba ni in duba. Ko minti biyar ban yi ba na gano matsalar: saƙon ne ya tsinke biyu, jelar ta faɗa saƙo na gaba. Na haɗa su. A hanyar na ga sunan abin da ya ajiye: murya ce, ya sa mata "ta auta". Ni ce autar. A jelar kuma ga ranar da adireshin zai daina aiki, saura kwana tara.

Anti, na kasa dannawa. A makonsa na ƙarshe ya kira ni sau biyu ina bakin aiki, ban ɗaga ba, na ce a raina zan kira anjima, ban kira ba. Yanzu ina zaune sai in riƙa jin muryarsa, yau yana tsokanata kan shayina mai ruwa-ruwa, gobe yana tambayar me ya hana ni ɗagawa. Umma kuwa kullum ce mata nake ina kan gyara.

Taki,
Auta

'Yata Auta,

Allah Ya jiƙan Baba. Tsoronki ba wauta ba ne: muddin ba ki danna ba, duk abin da kike so shi yake faɗa miki. Amma wannan muryar ke kike ƙirƙira ta, tasa kuwa saura kwana tara ta ɓace. Ki tuna Umma ma na da haƙƙi, mijinta ne.

Yau ɗin nan ki faɗa mata kin gyara tuntuni, tsoro ne ya riƙe ki. Ki fara sauke muryar, ki ajiye ta wuri biyu, wannan kin fi ni sani. Sannan ki zauna kusa da ita ku saurara tare. In faɗa ne, ki karɓa ki yi masa addu'a. Ni dai ban ga alama ba: mara lafiyar da ya daure ya naɗi murya ya sa mata sunanki, kewarki yake.

Sau biyu ya kira ba ki ɗaga ba. Wannan ne na uku, 'yata, ki ɗaga. Allah Ya sanyaya muku zuciya.

Antinku