Yumɓun Ƙarƙashin Gaɓa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu ma alhamdulillahi, Auta ta warware daga zazzaɓin nan, Kawu mai walda kuma ya koma shago. Na yi ta neman wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda, don maganar ba ta jira ba ce.

Zancen Inna ne. Ka san ramin da take ɗibar yumɓun tukwanenta, can ƙarƙashin gaɓar kogi. To, bana ruwa ya cinye gindin gaɓar, samanta ya rage a rataye kamar rumfa. Bishiyar da muke hawa muna yara, saiwoyinta duk suna waje suna reto. Daga sama kuma ƙasar ta tsage, har ƙafar akuya ta faɗa ciki, kullum ƙara buɗewa take. Sauran magina sun ƙaurace wa wurin tun da wani ɓangare ya rufta ya binne kwandon maƙwabciyarmu, ita ma da ƙyar ta sha. Inna ta daina zuwa, har hankalina ya fara kwanciya.

Sai ga saƙonka, wai ta gina maka randa irin ta tsakar gidanmu, ka yi kewar sanyin ruwanta. Yaya, da ka ga fuskarta! Na kawo mata yumɓu daga hayi, ta murza da yatsa ta watsar, ta ce ko kaskon kaji ba za ta gina da shi ba, balle randar babban ɗanta. Kawu ya yi mata magana, ta ce tun yana tsumman goyo take shiga ramin nan. Na ɓoye digarta a bayan buhunan gawayi, jiya na tarar ta aro ta maƙwabta ta jingine a bakin ƙofa. Ta ce da ruwan nan ya ɗauke, ƙasa ta ɗan tsane, za ta shiga ta cika kwando ɗaya kawai. Wallahi tsoro nake ji, ko wanka na shiga kunnena na kan ƙofar gida.

Ban ga laifinka ba, ba ka sani ba ne. Amma maganarka kaɗai take ji. Ka nemi inda waya ke shiga ka kira ta ka ce ka fasa. Kada ka ambaci gaɓar, sai ta ƙara ƙaimi don ta nuna mana ba ta tsufa ba. Ka ce kun sayi firiji. Na san zai ƙona mata rai, wataƙila ta daina ginin gaba ɗaya. Na yarda ta shekara tana fushi da kai, in dai a ɗakinta za ta yi fushin.

Ka gaida Anti da Dogo da takwarar Inna. Don Allah ka hanzarta, ina rubutun nan ruwa ya ɗauke, rana ta fara fitowa.

Taka ƙanwa,
mai gadin ƙofa