Maki Biyu a Kemistiri

Tucson, 3 ga Yuni

Ƙanena Baltazar,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Araceli da yara kuna lafiya. Na rubuto ne don a waya santsi gare ka kamar tarwaɗa, takarda kuwa ba a ce mata "ina cikin taro".

Makarantarku ta kira ni. Wai 'yata Noemi ta faɗi kemistiri da maki biyu, saboda haka ko ta maimaita aji goma ɗungurungum, ko in sa hannu da kaina in mayar da ita makarantar unguwa, can su ɗora ta aji sha ɗaya. Matar ofis har da cire mini murfin biro tana murmushi. Murmushin nan ne bai kwanta mini ba, na ce sai na yi shawara.

Shekarar da aka zaro sunanta a ƙuri'ar shiga makarantarku, su ɗari da talatin da biyu aka ɗauka. Jiya ta ƙirga mini, saura saba'in da ɗaya. A cikin yaran da suke hawa bas biyu tare da ita daga kudancin gari, uku suka rage. Kai ne malamin lissafi na aji goma, to yi mini wannan lissafin.

Na haɗo muku da tamale, alalen masaran nan namu. A gaida gida.

Yayarka kuma uwarka, in ka manta,
Herminia

6 ga Yuni

Yaya Herminia,

Gaisuwa da girmamawa. Saƙo ya iso, mun gode. Ɗana Efrain ya cinye rabin tamalen kafin in dawo daga aiki.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Makarantar nan da kuɗin gwamnati take tafiya, ba ta da ikon zaɓen ɗalibi, kuma ba ta taɓa korar yaro saboda maki ba. Ƙuri'a ba ta san kudu da arewa ba. Karatun ne da nauyi, aikin gida kaɗai awa uku ne kullum, shi ya sa duk wanda ya kai aji sha biyu yake samun jami'a. Waɗanda suka tafi, iyayensu ne suka ga dama. Shawarata ki sa hannu. A makarantar unguwa ita za ta riƙa zuwa ta ɗaya.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanenki,
Baltazar

11 ga Yuni

Malam Baltazar,

Ina gaisuwa, ko da yake yau gajeriya ce.

Wasiƙarka na karanta sau biyu, sai na ji kamar shugabanku ne ya riƙe maka hannu. A otal ɗin da nake aiki akwai wata Ofelia, ranakun Asabar tana share gidan wani likita. Ta ce ɗan likitan ma ya faɗi, a ajin su Noemi, da maki tara. "Amma ki ga ikon Allah, Herminia," in ji ta, "an ɗauko masa malami, wai a Yuli zai sake zaman jarrabawar."

Biri ya yi kama da mutum. Bara da muka je Nogales ganin Inna, ka ce ɗanka Efrain ba zai zo ba, yana karatu. Karatun me ake yi a Yuli, ana tsakiyar hutu? Ni na goya ka, na san yadda kake tsara magana in ka ɓoye abu. Ka faɗa mini ko in je in tambayi yaron da kaina.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Herminia

13 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, kunya kuma ta hana ni zuwa da ƙafata.

Gaskiya ne. Efrain ya faɗi bara, ya sake zama. Doka ta yarda, in iyaye sun nema a rubuce cikin kwana goma da fitar sakamako. Tana shafi na arba'in da ɗaya a littafin dokoki, da Turanci kaɗai, kuma a taron iyaye aka bayyana ta, ranar Talata da ƙarfe biyu na rana, lokacin kina ninke zannuwa. An ce mana mu malamai, wanda ya tambaya mu amsa, wanda bai tambaya ba mu bar shi.

Ranar da na rubuto miki, saura kwana uku. Yanzu an rufe. Na roƙi shugaba jiya, ya ce babu.

Na ga Noemi tana gyangyaɗi a ajina, ta rame, tun biyar na asuba take fita. Na ce wa raina sauƙi nake nema mata. Ko tausayinta ne ko tsoron aikina, wallahi ni ma ban sani ba. Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Baltazar

16 ga Yuni

Baltazar,

Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Na ba Noemi wasiƙarka ta karanta. Ta yi kukanta ta gama, ta fassara shafin dokar nan zuwa Sifaniyanci, mun raba wa iyaye a tashar bas. Ban sa hannu ba. Ta ce za ta maimaita.

Zancen yafiya, ba yanzu ba. A watan Agusta tana ajinka kowace safiya, ta ce in gaya maka a layin gaba za ta zauna.

Ka gaida Araceli.

Yayarka,
Herminia