Ƙofa Biyu, Bango Ɗaya

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da aikin unguwarzoma a Ƙaraye. Mu nan Zoza sai godiya, gyaɗa ta yi kyau.

Yaya, hankalina bai kwanta ba. Cikin matata Mas'uda ya shiga wata takwas, kwana biyu tana ganin ɗigon jini, aka ce a yi mata hoton ciki. Muna kan layi a asibiti sai na hango ƙofar ɗakin hoton ƙashi, an zana mai ciki an ja mata jan layi, wai kada ta shiga. Ƙofar da ke gefenta kuwa nan ake kiran masu cikin! Hoto ai hoto ne, bango ɗaya ya raba su. Na ce ta tashi mu tafi, a gida za ta haihu.

Kin tuna bara waccan an yi mata hoton nan, bayan sati uku cikin ya zube. Kowa ya ce ƙaddara ce, ni dai ban manta ba. Ki gaya mini gaskiya, ta 'yan'uwa ba ta ma'aikata ba.

Ƙaninki,
Aƙilu

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ciwon ƙafarki? Takardarki ta iso, faɗan ma ya iso.

Kin ce wannan na'urar da sauti take aiki, ba da haske irin na hoton ƙashi ba, kuma ba ta zubar da ciki. Na karanta sau uku, ban gamsu ba. Amma kin san ni, ko sabon iri sai na gwada a gefen gona. Da muka koma na kafe sai an fara ɗora ta a cikina. Matan layi suka yi ta dariya. Na kasa kunne ko zan ji zafi, sanyin man da aka shafa mini kawai na ji.

Sannan aka duba Mas'uda. Yaya, mabiyiya ce ta tare hanya, ita ke kawo jinin. Sun ce da naƙuda ta same ta a ɗaki, da wuya jinin ya tsaya. An kwantar da ita, aiki za a yi mata idan lokaci ya yi.

Kwana tara na riƙe ta a gida. Tun jiya nake zargin kaina fiye da yadda na zargi na'urar. Sun jiyar da ni bugun zuciyar ɗan, da sauri kamar ya yi gudu, na kasa haɗa ido da uwarsa.

Ki zo, don Allah.

Ƙaninki,
Aƙilu