Ba Jakin Hadi Ba Ne

Jos, 1956

Zuwa ga Yaya Zailani, Pauwa.

Bayan gaisuwa, ya Goggo da yara? Wannan takarda kada mata su ji.

An cire mani ƙarin da ya fito a matsematsina. Aikin kuza sai na warke, amma ina cin tuwo sosai. Likita ya ce ba harbin jakin maƙwabcinmu Hadi ya jawo ƙarin ba. Ɗaya daga 'ya'yan maraina ne bai sauko ba tun haihuwa, irinsa ya fi zama ƙari. Ɗana Bilya ma haka yake. Ka kai shi asibiti a duba shi tun yanzu.

Ka roƙar mani Hadi gafara. Shekara biyu ban amsa sallamarshi ba, a kan jakin da bai yi laifi ba.

Allah shi sada mu.
Ƙanenka, Gide.