Sun Mayar da Kai Sama, Kyaftin

Zuwa ga maƙwabcina kuma abokin aikina, Kyaftin Lam. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, bayan haka.

Ka san ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Waya nake faɗa wa tana rubutawa, in ta yi kuskure laifinta ne. Masu karantawa kuma su karanta, ba ruwana.

Kyaftin, ban iya cika maka alkawari ba. 'Ya'yanka sun ƙona ka.

Shekarun da muka yi muna ɗora kwalaye a sito a Wendover, nan ƙasar Turawa, ni da guntun Turancina, kai da naka, babu wanda ya san ka tuƙa jirgin yaƙi a ƙasarku Vietnam. Tsoho kawai suke gani mai tabon ƙuna a hannu. Ni ka gaya wa. Ka ce a sama ba a ganin fuskar mutum, hayaƙi ake gani, sannan a ƙirga wanda bai dawo ba.

Ka ba ni labarin abokinka da makami ya sami jirginsa kuna tafe kafaɗa da kafaɗa. Murfin gilashin ya ƙi buɗewa. Kana kallonsa yana dukan gilashi da hannu, kana jin muryarsa a rediyo har ta ɗauke. Tun daga ranar ba ka son ƙaurin nama. Ranar Layya da na gasa rago a bayan gida, ka rufe tagoginka, na yi fushi da kai har mako ya zagayo. Ban sani ba a lokacin.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce: "Iro, in na mutu, ƙasa. Ba wuta, ba sama."

Na hau bas har Sedgefield wurin babban ɗanka, likitan haƙori. A bakin ƙofa ya tsayar da ni, ko ruwa bai ba ni ba. Wai Ankul, Dadi bai taɓa faɗa mana haka ba, kana da takarda? Takarda! Mutum ya yi wasiyya da bakinsa a ce sai takarda. To ta yaya za ka faɗa musu? Yaushe suka zauna suka saurare ka? Hotonka da kayan soja suka sani, wanda suka rataye a falo don baƙi.

Bai ishe su ba. Suka yi hayar ƙaramin jirgi a watsa tokarka bisa teku, wai girmamawa ce ga matuƙi. Kai da ka ƙi komawa ƙasarku ganin kabarin uwarka don kada ka sake taka jirgi. Har gayyata ta suka yi. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Namu ma ban ƙyale su ba. Na je wurin Malam, limamin masallacinmu, ya ce ba ka cikin addini, babu salla, babu maƙabarta. Na san hukunci ne, ban yi gardama ba. Amma da motarsa ta mutu cikin ƙanƙara, wa ya kwanta a ƙarƙashinta yana gyara in ba kai ba?

Autarka ce kaɗai ta ji kunya. Da safen da za su tashi ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, idonta jawur, ta miƙo gwangwanin shayi. Tokarka da ke ciki ba ta cika tafin hannu ba. Na naɗe a farin ƙyalle, wani ɗan'uwanmu Alhaji Sani ya kai ni filinsa a Pleasant Garden, na haƙa rami mai zurfi da hannuna, inda ruwa ba ya kwanciya. Ban san wane sashe naka ne ba, aboki. Ina fata hannun nan ne da ya ƙone, ya huta.

Sauran tokar sun tafi da ita sama. Ka yafe mini, iya ƙarfina ke nan.

An hana ni nema maka abin da ake nema wa namu, to na bar ka da Wanda ya halicce ka. Shi ya ga abin da ka gani ta gilashin nan. Allah ya sa ƙasar ta yi maka sanyi.

Naka har kullum,
Iro na ɗaki mai kallon naka.