Ragowar Ruwan Butar Kaka

Talata, 14 ga Oktoba, bayan isha'i

Na gaji. Tun daga Messa ruwan sama ya rako ni gida, ina shigowa na tarar ɗaya daga cikin lithops ɗina, tsiron nan mai kama da tsakuwa, ya tsage ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Shida Madam mai lambun furanni ta ba ni, ta ce in na raya su wata uku za ta ɗauke ni aiki. Yanzu biyar ne, kuma saura kwana goma sha tara.

Na duba littafin da nake rubuta ban-ruwansu. Rabona da ba su ruwa kwana arba'in da ɗaya, haka kuma ya kamata, tunda sabon ganye suke fitarwa, ruwan tsohon suke tsotsa. Amma da na tsoma tsinke a yashin, a jiƙe ya fito.

Ashe Kaka ce. Kullum da asuba take tsiyaya musu ragowar ruwan butarta.

Da na yi mata magana, ta ce, "Maigida, duk digirin licence ɗinka ka bar halittar Allah da ƙishirwa?"

Na ce, "Kaka, 'yan hamada ne, ruwa ke kashe su."

"To ni dai ladana nake nema."

Na kasa yi mata faɗa. Na canza musu busasshen yashi, na mayar da su tagar ɗakina. A gurbinsu na dasa mata na'a-na'a a gwangwanin madara, ta shayar son ranta.

Gobe zan gaya wa Madam biyar ne. Ba zan ambaci Kaka ba.